Mako na uku da na'urar auna haske: layin da ya ƙi miƙewa

'Yan'uwa malamai da muke koyon wannan aiki tare, ga inda aka kwana da ɗalibaina na sakandare.

Makon farko ban bar kowa ya taɓa spektrofotomita, wato na'urar auna haske, ba. Na jera musu kofuna huɗu na ruwan fotasiyam famanganet, daga mai duhun shunayya zuwa wanda launinsa ya kusa ɓacewa, na ce su faɗi wanda ya fi kauri. Duk sun gane da ido. Da na tambaye su ya fi da nawa, sai aji ya yi tsit. Daga nan na shigo da na'urar, domin abin da take yi ke nan: tana harba haske ta cikin ruwan, ta ƙirga nawa ya shanye.

Mun saita ta a nanomita 525, wato koren haske, inda famanganet ya fi shanyewa. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ruwan shunayya ne, me ya kawo kore?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Launin da ido ke gani shi ne wanda ya tsira ya fito. Wanda ruwan ya haɗiye shi muke aunawa.

Makon nan ne na yi tuntuɓe, kuma laifina ne. Na haɗa ruwan da kauri sosai, ina ganin launi mai ƙarfi zai fi burge yara. Da suka ɗora awonsu a kan giraf, ɗigo biyu na farko suka hau layi, sauran suka kwanta. Dokar Beer da Lambert ta ce shanyewar haske tana tafiya daidai da kaurin ruwan da kuma faɗin kwalbar da ake zuba ruwan a ciki, wadda tamu santimita 1 ce, amma wannan yana tabbata ne a ruwa mai tsarma. Ku riƙe lissafin nan: idan na'ura ta nuna 1, kashi 10 cikin 100 na hasken ne ya ratsa, idan ta nuna 2, kashi 1 kacal. Da ɗan wannan haske na'urar makaranta lalube take yi.

Muka koma muka tsarma, muka yi guda huɗu daga mola (ma'aunin kaurin ruwa) 0.0001 zuwa 0.0004, duk awon bai wuce 1 ba. Layi ya miƙe ya ratsa ta sifili. Sai na ba kowace ƙungiya ruwan da ban faɗi kaurinsa ba, suka auna, suka bi layinsu suka ciro amsa da kansu. Wannan matakin ba na yarda a tsallake shi, domin na'urar ba ta san mola ba, layin da yara suka zana da hannunsu ne ya sani.

Ƙungiya ɗaya amsarta ta yi sama. Muka duba, ashe shatin yatsa ne a gefen kwalbar da haske ke bi, ga kumfa maƙale a ciki. Yanzu kafin kowane awo sai an ɗauraye kwalba da ruwan da za a auna, an goge ta, an kuma mayar da na'ura sifili da tsantsar ruwa.

Mako mai zuwa za mu gwada shuɗin launin abinci a wajen nanomita 630. Wanda ya riga ni gwadawa a cikinku, ina son jin kaurin da ya fara da shi.