Yadda Muka Nemi Diyyar Surukina, Tsohon Sojan Ruwa

Ranar da likita ya tabbatar mana cewa abin da ke cikin huhun surukina sankara ce, bai tsaya ga tambayar taba sigari ba, sai da ya nemi jin aikin da ya yi yana saurayi. Baba, kamar yadda nake kiransa tun da na auri 'yarsa a nan Amurka, ya ce ya yi shekara huɗu a rundunar sojin ruwa a ƙarshen shekarun 1960, yana kula da tukunyar tururi a can ƙasan wani jirgin yaƙi da ke da mazauni a Norfolk. Likitan ya nuna mana wani tabo mai kauri a jikin tantanin da ya lulluɓe huhun, ya ce wannan sawun asbestos ne.

Iyakar sanina da asbestos a lokacin shi ne silin da rufin tsofaffin gine-gine a gida Najeriya. Ban san cewa daga shekarun 1930 zuwa na 1970 da shi ake naɗe bututun tururi da injuna a jiragen yaƙin Amurka ba, saboda wuta ba ta cinsa kuma yana tsare zafi. Idan aka yanke shi ko aka ɓamɓare shi wajen gyara, ƙurarsa takan tashi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, zarenta ya maƙale a huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin, wani lokaci ma fiye.

Abin da na fara fahimta shi ne soja ba ya iya kai gwamnati ƙara a kan lahanin da ya samu a bakin aiki, tun bayan hukuncin Feres da Kotun Ƙoli ta yanke a 1950. Ƙofa biyu ce ta rage: ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, wadda ke biyan kuɗi duk wata, sai kuma kamfanonin da suka ƙera kayan, waɗanda da yawansu sun karye sun bar asusun biyan diyya.

Kuskuren farko nawa ne. Na ɗauka ba a tunkarar hukuma sai takardu sun cika, saboda haka na shafe wata huɗu ina tattara su, alhali akwai ɗan gajeren fom mai lamba 21-0966 wanda ke sanar da niyyar nema kawai, ya kuma ba mutum shekara guda ya kammala sauran, a lissafa masa kuɗin tun daga ranar da ya sanar. Kuɗin waɗannan watanni huɗu sun wuce Baba, kuma har yau abin yana damuna. Wanda ya ankarar da ni wakili ne na wata ƙungiyar tsofaffin sojoji, wanda bai karɓi ko sisi ba.

Shi ne ya bayyana mana cewa ba a ɗaukar sankarar huhu a matsayin sakamakon asbestos kai tsaye, dole ne mai nema ya tabbatar da cutar, da shaƙar ƙurar a lokacin aiki, da kuma alaƙar da ke tsakaninsu. Takardar sallama daga soja, DD-214, tana cikin akwatin Baba, sauran bayanan aikinsa kuma muka nema daga cibiyar adana takardun sojoji da ke St. Louis. Sai dai takardun sun faɗi muƙaminsa da sunan jirginsa ne kawai, ba su faɗi abin da hannunsa ya taɓa ba. Don haka na sayi littafin rubutu, kowace yamma na zauna kusa da shi, yana magana yana hutawa, ina rubutawa. Ya gaya mini yadda suke yage tsohon naɗin bututu da wuƙa ba tare da abin rufe hanci ba, da yadda ƙurar ke mayar da gashinsu fari, da watannin da jirgin ya yi a tashar gyara suna kwana a cikinsa. Wakilin ya nace mu rubuta har ayyukan da ya yi bayan barin soja, domin a ga cewa tuƙin bas da ya yi har ya yi ritaya bai haɗa shi da asbestos ba.

Batun taba ne ya fi ba mu tsoro, domin Baba ya daɗe yana sha kafin ya daina, kuma doka ba ta biyan diyyar cutar da taba ta jawo. Matata ta so mu rage shekarun, na ƙi, saboda suna nan rubuce a fayil ɗinsa na asibiti, kuma likitoci sun san cewa idan taba da asbestos suka haɗu haɗarin yakan ninka ne sosai. Abin da ake bukata shi ne likita ya rubuta cewa yiwuwar asbestos na da hannu a cutar ta kai aƙalla kashi 50 cikin 100, tare da dalilansa. Wasiƙar farko cewa ta yi kawai "mai yiwuwa ne", sai da muka koma da littafin nan da hoton huhun, likitan ya karanta, sannan ya rubuta ta yadda ya kamata.

VA ta amince da buƙatar a matakin nakasa na kashi 100 cikin 100, wanda ake bayarwa muddin sankarar tana nan, tare da sanarwar cewa za a sake duba shi wata shida bayan kammala magani. Mun kuma adana kwafin komai domin surukata, tun da matar da mijinta ya rasu sanadiyyar cutar da ke da nasaba da aikin soja tana da nata haƙƙin na wata-wata.

Neman diyya daga asusun kamfanonin yana hannun lauya yanzu, wanda zai ɗauki kasonsa idan an biya, kuma ya gargaɗe mu cewa kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara. Tambayoyinsa duka a kan sunan jirgi ne da shekaru da irin kayan da aka taɓa. Numfashin Baba ba ya kai shi doguwar magana a yanzu, saboda haka daga littafin nake karanto wa lauyan amsa, Baba yana gefe yana gyaɗa kai, inda na yi kuskure kuma ya ɗaga hannu.