Godiya Bayan Bikin Yaye Ɗaliban Ajin Yaƙi da Jahilci

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, bikin yaye iyayenmu mata na ajin yaƙi da jahilci ya gudana ranar Asabar, an watse lafiya.

Ina miƙa godiya ga mai unguwa, Allah ya ja da ransa, da hedimastan firamaren unguwarmu da ya bar mana aji bayan la'asar ba tare da karɓar ko kwabo ba. Haka jami'an Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da suka zo da takardun shaida. Tun 1980, zamanin marigayi Abubakar Rimi, hukumar nan take wannan aiki, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Magidantan da suka bar matansu suka fito, da 'yanmatan da suka riƙe goyo a bakin ƙofa, Allah ya saka muku da alheri.

Amma babbar godiyata ku ce, iyayena ɗalibai. Babba ba ya zama a benci don an ce ya zauna, buƙata ce ke kawo shi. Wata ta zo don ta daina kai wayarta maƙwabta a karanta mata saƙo. Wata kuma so take ta gane rubutun jikin kwalbar maganin jikanta. Daga waɗannan buƙatu muka riƙa fara darasi, kuma a nan karatun ya fi zama. Waɗanda suka yi allo suka san ajami sun fi saurin kama baƙi da wasali, sai dai hannu ya daɗe yana komawa dama kafin ya saba da farawa daga hagu.

Inna mai ƙosai, ranar da kika fara zuwa kin damƙe fensir kamar muciya har bakinsa ya karye, kika ce kunyar jikokinki kike ji. Ranar Asabar ke ce kika buɗe littafin bashinki a gaban jama'a, kika karanto sunaye da kuɗin da kike bi, ba gargada. Kika kuma gaya mana a banki yanzu sa hannu kike yi, kin bar dangwala yatsa. Wallahi sai da na share hawaye.

Sabon aji zai fara bayan Sallah in sha Allahu, har da lissafi da ɗinki ga masu son ci gaba. Mai uwa ko yaya da ke jin nauyin zuwa, ya rako ta ranar farko. Allah ya bar zumunci, amin.