Cutar MS: abin da ke taimakawa a gefen maganin asibiti, da abin da ke ɓata gwaji

Mai cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ya fi kowa sanin sharrin zafi. Jiki na ɗan ɗumama sai gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana haka tun 1890. Ba sabon tashin cutar ba ne. Jijiyar da rufinta ya zaizaye ce ke kasa isar da saƙo cikin zafi, jiki na hucewa abin ya lafa.

Wannan tsoron ne ke hana wasu motsa jiki, alhali cikin duk abin da ake haɗawa da maganin asibiti, shi ya fi hujja wajen rage gajiya da gyara tafiya. A fara a hankali har a kai minti 30 na tafiya ko tuƙa keke sau 2 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2. A yi da sanyin safiya, ana kurɓar ruwan sanyi, da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Mai iyo ya nemi ruwan da bai haura digiri 29 ba. Idan alamun suka zarce awa 24, ko akwai zazzaɓi, sai likita, don ciwon mafitsara ma yakan tayar da su.

Ƙwayoyin kanti kuwa sai an yi hattara. An gwada biotin, wani nau'in bitamin B, miligiram 300 a rana, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna amfani ba. Mafi muni, yana ruɗa na'urar gwajin jini: ya nuna cutar maƙoƙo inda babu, ko ya ɓoye sinadarin troponin da ake gane ciwon bugun zuciya da shi. Mai shan sa ya faɗa kafin a ɗebi jininsa.

Bitamin D a auna jini tukuna. Idan bitamin ɗin ya yi yawa kalsiyam ke taruwa, sai ƙishirwa, yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. Ganyen St John's wort yana sa hanta ta yi saurin zubar da fingolimod, ɗaya daga cikin magungunan MS, ƙarfinsa ya ragu.

Harbin ƙudan zuma, da har yau ake tallarsa, an gwada shi a Holan a 2005 tsawon mako 24. Hoton ƙwaƙwalwa bai nuna wani sauyi ba, tashin cutar ma bai ragu ba.