Waya ɗaya ce take cinye mana waifai a lojin ɗalibai

Bara Alhaji mai gidanmu ya ce in saka masa waifai a lojin ɗalibai da ya gina a Samaru, ɗaki 24, kowa zai riƙa biyan wani abu duk wata. Na ja layi, na kafa rauta, wato na'urar da ke watsa waifai, a baranda, da rana komai lafiya lau, amma da an idar da isha'i yara sun koma ɗaki sai saƙo ya fara shigowa ta WhatsApp, Malam netwok ya mutu, Malam ko hoto ba ya buɗewa.

Kamfanin da muke sayen intanet na fara zargi, sai da na haɗa laftof da kebul kai tsaye na ga gudun yana nan cif. To matsalar a iska take kenan. Na ƙure ƙarfin rautar, ba abin da ya canza, don ita ce kawai ta ɗaga murya, wayar da za ta amsa mata muryarta na nan yadda take. Na sayo rifita, na'urar da ke maimaita sigina don ta kai nesa, ita ma ta ƙara dagula abin, tunda a tasha ɗaya take karɓa kuma take maimaitawa, kusan rabin gudun ya tafi kenan. Sai na sa MikroTik, wata na'urar raba intanet, na yanka wa kowa gudun mega 2, wannan dai ya kama masu sauke fina-finai cikin dare amma ƙorafi bai tsaya ba.

Wani dare na zauna ina kallon jerin wayoyin da ke haɗe, sai na ga wata tsohuwar waya a ɗakin ƙarshe can bayan tankin ruwa, sigina ta yi ƙasa sosai har ta sauko tana magana a mega 1. A nan na gane abin. Shi waifai a tasha ɗaya mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, kowa sai ya saurara ya ji shiru sannan ya tura, kuma kusan kowa yana samun layi daidai da kowa. Amma fakiti, wato ƙunshin data da waya ke turawa a layinta ɗaya, mai bayit 1500 a gudun mega 1 yana cin miliseken 12, wanda ke kusa yana kan mega 65 kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar na miliseken bai kai ba. Kamar layin famfo ne, kowa jarka ɗaya, sai dai jarkar mutum ɗaya bakinta kamar na kwalba, kafin ta cika da mutum sittin sun ɗiba sun tafi. Ni ina ta raba mega, ashe lokaci ne ake rabawa.

Na kira wani yayana da ke aikin turakun sadarwa, ya ce ai su a 4G ba a barin wayoyi su yi rububi. Turken ne da kansa yake yanke wa zai yi magana, duk miliseken ɗaya sabon rabo, idan faɗin megahaz 20 ne an yanka shi gida 100, kowane kilohaz 180, wayoyi kuma suna ta kai rahoton kyan siginarsu da lamba har zuwa 15. Ya ce in ka bi masu ƙarfin sigina kaɗai na bakin gari ba za su taɓa samu ba, in ka yi bi da bi tsantsa kuma jimillar gudu ta faɗi, shi ya sa ake duba abin da waya za ta iya ɗauka yanzu a auna shi da abin da ta saba samu, wadda aka daɗe ba a ba ta ba sai layinta ya matso.

Alhaji ya ce kawai a cire wayar. Na ce ranka ya daɗe yaron nan kuɗinsa ɗaya da na kowa, kuma ba shi ya zaɓi ɗakin bayan tanki ba, wallahi raina bai kwanta da hakan ba. Na lallaɓa shi ya ba da kuɗin na'urar waifai ta biyu, na ja mata kebul har baya, ba rifita ba. Ɗaya na sa ta tasha 1, ɗaya 11, tunda maƙwabta sun cika tasha 6 kuma waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna a gigahaz 2.4. Na rage ƙarfinsu duka, na kashe tsofaffin gudun nan na mega 1 zuwa 11, na kunna saitin da ke raba lokacin iska daidai, ɗakunan gaba kuma na tura su gigahaz 5 tunda ba bango da yawa tsakani.

Wayar yaron nan yanzu ba ta saukowa ƙasa, da ita yake sauke lakcoci. Lokacin jarrabawa dai har yanzu daga tara zuwa sha ɗayan dare abin yana nauyi a saman bene, na riga na auna kebul ɗin na'ura ta uku, amsar Alhaji nake jira.