Ruwan Kadawa da keken Badamagare

Ranar da na fara tsayawa a bakin kanal ɗin Kadawa, wato magudanar ruwan noman rani da ke kudu da Kano, abin da ya faɗo mini a rai shi ne lallai wani ya manta famfo a buɗe, kuma yau sai ya sha faɗa. Ruwa ne fal yana ta tafiya da tsakar rani, babu mai gadi, babu layin jarkoki. Ni ɗan Damagaram ne, garin da ke zaune bisa duwatsu, inda yaro kan san kuɗin garwa tun bai san karatun agogo ba. A gidanmu ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa, na awaki ne.

Na shigo Kano a 2022, ta Matamaye da Kwangwalam da Daura. Tafiyar ba ta cin wuni guda, shi ya sa ko a gida ba a ce na tafi ƙasar waje ba, cewa aka yi na tafi Kano kawai. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Sai da na fara tsaron shago a Kantin Kwari na gane baƙunci a baki yake ɓuya. In na ce lakwal maimakon makaranta a yi dariya, in na ce guduro a ce kwalta ake cewa, lisansi kuwa wai fetur. Wata rana maigidana, dattijo mai tsohon lissafi, ya ce in ba ɗan dako jaka biyu. A wurinmu jikka dubu ce, sai na ƙirga naira dubu biyu na miƙa. Ashe ɗari huɗu yake nufi. Ɗan dakon bai tsaya godiya ba, kuma har yau in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe.

Keke kuwa tsada ce ta sa na saya, ba sha'awa ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin Adaidaita Sahu daga Kurna zuwa kasuwa ya fara cin rabin abin da nake ajiyewa. Na je Sabon Gari na samo tsohon Phoenix mai kariya, birkin baya sai an haɗa da addu'a. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Masu ƙarfin hali suna bi ta daji, ni dai ban iya ba. A nan ne na san cewa ƙasar waje nake. Ran Lahadi maigida ba ya buɗe shago, ɗaki kuma ya yi mini ƙunci, sai na fara hawa keke in miƙi hanya ba tare da na san inda za ni ba.

Titin Zariya ne ya ɗauke ni. Daga Gyaɗi-gyaɗi zuwa Na'ibawa babu abin daɗi da zan ba da labari: hayaƙi, oda, da tirela mai wucewa har iskarta ta kaɗa maka riga. Mai keke a titin Kano maraya ne. Wanda zai gwada, ya fita da an sallame asuba, kafin manyan motoci su farka. Amma da ka hau gadar Tamburawa sai ƙirji ya buɗe. Ga kogi a ƙasa, 'yan yashi suna loda tifa, ga iska mai sanyi da ƙamshin danshi. In ka wuce Kura, wajen kilomita 30 daga birni, sai ka saki kwalta ka bi jar hanyar da ke gefen kanal.

Wannan hanyar ita ce ta mai keke. Shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, don ruwan da kansa a hankali aka tsara masa tafiya. Babban kanal ya haifi ƙanana, ƙananan su rarrabu cikin gonaki, kowanne da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa a saki ruwa ko a tsare shi. Lokacin hunturu alkama ce kore shar har inda ido ya tsaya, sai tumatir da albasa da masara, balbelu suna bin masu huɗa. Da damina shinkafa ke karɓe wurin, hanyar kuma ta zama taɓo mai kama taya, sai ka sauka ka tura. Yara suna tsalle cikin ruwa duk da tsawar manya, mata suna wanki a matakala. Na kan yi tafiyar awa guda ban ji ƙarar komai ba sai ta sarƙar kekena.

A fita ta uku ƙaya ta huda mini tayar baya, nesa da mai faci. Ina tura keken sai wani dattijo da ke ban ruwa ya ɗago ya amsa sallamata. Daga jin yadda na gaishe shi ya ajiye fartanya.

"Kai yaro, Badamagare ne ko?"

"Eh, Baba."

"To! Zamanin Sarki Alu kakanninku da dawaki suka zo mana. Yanzu abin ya koma keke, keken ma ba iska?"

Na ce, "Baba, leƙen asiri aka aiko ni, rundunar tana baya."

Ya yi dariya har da tari. Wasan Kanawa da Damagarawa na sha shi a kasuwa, amma ranar ne ya fara yi mini daɗi, don wanda ya tsokane ka haka ya riga ya ba ka tabarma. Ya aiki jikansa ya kai tayar cikin gari, ya yanka mini rake, muka zauna a kan kunya. Shi ya ba ni tarihin ruwan. Daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974. Ya biyo ta Ruwan Kanya, ya gangaro da ƙafarsa ba inji, ya shayar da ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Ya ce yana saurayi, da an gama girbi maza sai su watse ci-rani, yanzu kuwa su ake zo wa ci-rani. Ya nuna mini wasu samari da ke tsinkar tumatir ya ce in je in gaisa, mutanenmu ne. 'Yan wajen Magarya ne kuwa.

Tun daga nan hanyar ta zama tawa. Na san Kwanar Gafan, inda ake jera kwandunan tumatir ana loda su zuwa Legas, inda kuma in kaya sun yi yawa manomi kan sayar da kwando a kuɗin da bai biya ɗauko shi ba. A Kura na tarar da abin da ban zata ba: turkuɗin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, wanda tun ina yaro nake ɗauka kayan Agadas ne, ashe a nan ake rina shi a buga. Na tsaya a ƙofar masu bugu ina jin ƙarar kamar an kira sunana.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa da wannan ruwa gaba ɗaya. Ina da kawu a Diffa, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu. Tun muna yara in ruwa ya makara sai ya ce mutanen Najeriya sun ɗaure shi, mu kuwa mu ɗauka faɗan tsofaffi ne. Ashe da gaskiyarsa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil, can gaba ya gamu da na Jama'are, ya zama kogin Yobe, wato Komadugun su Kawu, wanda ya raba ƙasashenmu biyu kafin ya faɗa tafkin Chadi. Challawa ma an datse ta a Ƙaraye a 1992. Wato alkamar da nake yaba korenta da tattasan Kawu daga tulu ɗaya suke sha, kuma na kusa da tulun ne ke fara kai baki. Ban ga laifin Baba ba, da ni ne a nan ban ruwan zan yi. Amma na daina ganin kanal ɗin kamar famfon da aka manta.

Ran nan na tsaya a kan wata ƙofar ruwa na ɗauki bidiyo, har da Baba yana ɗaga fartanya, na tura wa Kawu ta WhatsApp na ce ga inda aka ɗaure. Sai bayan kwana biyu saƙon muryarsa ya shigo. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi ko ina cin abinci, sannan ya ce in gaida dattijon da kyau, in kuma ce masa in ya gama ya ɗan sassauta ƙofar, akwai mutane a ƙasa.