Adakar Baba a Zangon Agege

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu a Funtuwa, cikin 2018, gona da gida da 'yan tumaki aka zauna a kai. Adakar ƙarfen da ke ƙuryar ɗakinsa babu wanda ya waiwaye ta sai da aka shafa fatiha. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai ne mai son takardu tun kana yaro. In kowa ya yafe, ka tafi da ita." Kowa ya yafe. Wani direba ɗan unguwarmu ya ɗora min ita a kan buhunan albasar da zai sauke a Mile 12, ta kwana uku a hanya. Har yau in na buɗe ta ina jin warin albasa can ƙasa-ƙasa, gauraye da na tsohuwar takarda.

Ni tela ne, shagona yana Zangon Agege. Abin da ke cikin adakar ba shi da yawa: Magana Jari Ce na ɗaya zuwa na uku, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, duk bugun kamfanin NNPC na Zariya, sai Ahalari da Ishmawi waɗanda bangonsu ya ɗaye aka liƙe da ƙyallen atamfa. Na tura ta ƙarƙashin gado, hidimar ɗinki ta ɗauke min hankali. A Funtuwa takarda sai ta shekara arba'in ba abin da ya same ta in ba gara ba, domin iskar can busarwa take yi. Legas kuwa laima ce dare da rana. Damina biyu kacal, da na buɗe sai na tarar fumfuna ta rufe Ruwan Bagaja, shafuka sun manne da juna, kyankyasai sun gaigaye gefen littafi na uku. Na zauna da reza ina raba su shafi-shafi ina shanyawa a kan teburin yanka, zuciyata tana suya, don a bangon kowanne akwai rubutun hannun Baba. Tun daga ranar na kafa katako can sama a jikin bango, kowane littafi cikin ledarsa da ƙwayar kafur, kuma duk ranar da rana ta buɗe sosai sai na sauko da su su sha iska.

Abin da ya sa na buɗe adakar ma zaman gidan dole ne. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Legas saboda korona, keke ya tsaya, azumi ya ƙarato babu mai kawo shadda. Ina cikin shanyar nan sai ɗiyata ta fari, lokacin tana da shekara goma sha ɗaya, ta ɗauki littafi na ɗaya ta soma karantawa da ƙarfi. Layi biyu ba ta kai ba ta cije. Duk inda ta ga "c" sai ta furta shi kamar na Turanci. Can ta ɗago kai ta ce, "Baba, wannan k ɗin me ya same ta ta lanƙwashe?"

Na rasa amsar da zan ba ta, jikina ya yi sanyi. Yarinyar nan a Agege aka haife ta. Hausa take yi da mu a gida, Yarbanci a bakinta kamar Bayarabiya, Turancin buroka kuwa ni ma sai ta fassara min. Amma ba ta taɓa sanin ana rubuta Hausa da haruffanta na kanta ba. A 2018 gwamnatin jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, masu gida sun riƙe abinsu. Namu harshen fa, wa na zauna jira ya koya mata? A daren na zaunar da ita da ƙannenta, na kunna fitilar caji, na fara musu daga farko: Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, waziri yana ƙulla makirci, aku yana ta zuba wa Musa labarai don kada ya fita daga gida. Mu ma ga mu a kulle, babu fita. Yaran suka gane haka tun kafin in faɗa.

Da aka sassauta dokar, karatun ya bi ni shago. Bayan sallar isha'i sai in fito da benci biyu. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda kowa ke kira Baba, shi ya fara zama. Sai mahauta biyu daga abbatuwar Oko-Oba, sai mai shayin bakin layi da ke kasa kunne yana soya ƙwai, sai 'yan acaɓa da suka tashi aiki. Wata rana mu kai ashirin, wata rana mu biyar. Dabarar aku na ara: in katse a daidai inda labari ya yi daɗi, in ce sai gobe. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce tun wajen ƙarshen shekarun 1930, kuma da yawa daga labaran ya samo su ne daga na Larabawa da na Turawa. A matsayina na tela wannan ya fi komai burge ni. Yadin daga waje ya zo, amma yanka da ɗinki da surfani duk na gida ne, har ba ka iya gano inda aka haɗa.

A nan na tafka kuskuren da ya kusa watsa majalisar. Duk labarin da na gama sai in rufe littafi in shiga bayani: kun ga illar haɗama, kun ga sakamakon cin amana. Sai in kwashe minti goma sha biyar ina yi. Mutane suka soma raguwa, na ɗauka gajiya ce. Ran nan ina tsaka da bayanina Baba ya ajiye wuƙar goronsa ya ce, "Malam tela, Allah ya yi maka albarka. Wa'azi muna samu a masallaci kowace Juma'a. Kai dai karanta mana. Mu ma muna da kunne, kuma mun girme wa labarin nan a sanin duniya." Na ji nauyi ƙwarai, amma gaskiya ya faɗa. Da na daina, sai ga shi su da kansu suna gardama bayan an rufe littafi, wani ya ce wane ne mai laifi, wani ya ce a'a, har mai shayi ya bar tukunya ya shigo. Abin da suke tonowa ya ninka wanda nake faɗa musu.

Baban nan na tambaya wata rana, wane littafi ne ya fi yi masa tasiri a rayuwa. Na zaci zai ambaci ɗaya daga waɗanda muke karantawa. Sai ya nuna Ahalarin da ke kan katako ya ce, "Wancan ɗan siririn." A zauren wani malami ya karance shi a Sakkwato yana saurayi, kafin fataucin goro ya kawo shi Ikko. Ya ce yau shekara hamsin ke nan, duk alwalar da zai yi, duk rafkanwar da zai gyara da ƙabli ko ba'adi, da abin da ke cikinsa yake aiki, sau biyar kowace rana, ba tare da ya tuna cewa daga littafi ya samo ba. Wani malamin ƙasar Aljeriya, Abdurrahman Al-Akhdari, ya wallafa shi fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, ga shi yana tsaye da wani tsoho a bakin famfon masallacin Agege. Na daɗe ina juya maganar nan.

Matata ma ta gyara min wani zato. Ni da ina raina littattafan soyayya na Kano, ina ganin ɓata lokaci ne. Wani dare na furta haka a gida, sai ta ce, "Baban yara, ka san da me na iya karatun boko?" A aji huɗu na firamare aka cire ta. Da littattafan nan, waɗanda take haya a wurin wata maƙwabciya, ta ƙarasa koyon haɗa baƙi. Ta ce wanda ya tsaya mata a rai shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, daga baya ta koma neman ilimi. Tun ranar da ta gama shi ta ƙudura cewa in Allah ya ba ta 'ya mace sai ta gama makaranta, ko da za ta sayar da kayan ɗakinta. Sai a sannan na gane dalilin da ya sa duk lokacin da kuɗin makarantar yarinyar nan ya gagare ni, sai in tarar an riga an biya daga kuɗin adashinta. Shekara goma sha uku muna tare ban san daga ina abin ya samo asali ba.

Littafi na biyu na Magana Jari Ce ba ya wurina yanzu. Wani ya ara ya tashi daga unguwar. Na sayi sabo, amma babu rubutun mahaifinmu a bangonsa. Yanzu kowa zai karanta, amma a shago.

A ƙarshen 2022 muka ɗauko Shaihu Umar. Kafin in fara na zaro tsohuwar naira biyar na ɗaga, na ce mai hoton nan shi ya rubuta. Da yawa ba su yarda ba. Sun san Abubakar Tafawa Balewa firayim minista, sun san TBS da kwandastoci ke kira, wato Dandalin Tafawa Balewa, filin da aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, sun san a Legas ɗin nan sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Janairun 1966. Amma ba su san lokacin da yake malamin makaranta ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933 ba, wadda ta haifar da wannan littafi da Ruwan Bagaja. Littafin siriri ne, kwana shida muka yi a kai.

Akwai wani saurayi ɗan ƙasar Zamfara da ke zama can ƙarshen benci, ba ya magana. Da acaɓa yake yi, da aka hana a su Ikeja da Apapa cikin watan Yuni na shekarar sai ya koma turin baro. A dare na biyar muka kai inda mahaifiyar Umar ta baro gida neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, aka yi ta sayar da ita har ƙetaren Sahara. Ina karantawa na ga ya sunkuyar da kai, ya cire hularsa yana murzawa. Washegari muka kai inda suka haɗu a Tarabulus, ta ga ɗanta ya zama malami, ba a jima ba ta rasu. Ban kai ƙarshen shafin ba ya miƙe ya tafi, ko sallama bai yi ba. Na so in bi shi, Baba ya riƙe min hannun riga.

Bayan kwana uku ya zo da rana tsaka, ina kan keke. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, shekarata shida ban je gida ba." Ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai dawo ba sai da kuɗin rufin kwano, kuɗin kuma suka ƙi taruwa. Kunya ta sa ya daina ɗaga wayar 'yan gida, har ya canza layi. Ya ce tun daren nan bai runtsa ba. Ban yi masa nasiha ba, na riga na koyi wannan. Na tambaye shi ko yana da lambar wani, ya ce ya haddace ta ƙanensa. Na miƙa masa wayata na ci gaba da taka keke da ƙarfi don kada in ji abin da za su ce. Duk da haka na ji lokacin da muryarsa ta karye ya ce, "Inna, ni ne."

A satin muka haɗa masa ɗan abin da ya samu, mahautan nan suka nema masa wuri a tirelar shanu da za ta koma Arewa ba kaya. Na ɗinka wa tsohuwar atamfa turmi ɗaya, da ƙiyasi, tunda ban san jikinta ba. Wata biyu ya yi. Da ya dawo ya ce ya tarar idonta ya yi rauni sosai, sai da ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Zancen kwano ko tayar da shi ba ta yi ba. Rigar kuma ta ɗan yi mata yawa.

Da ya dawo ne ya roƙe ni a koya masa karatun boko, yana so ya karanta littafin da idonsa. Ni ɗinki ba ya barina, sai na haɗa shi da ɗiyata, wadda yanzu ita ke karanta wa majalisa duk daren da aiki ya yi min yawa. Bayan la'asar yake zuwa, ya jingine baronsa a jikin bango, ya wanke hannu kafin ya taɓa takarda. Jiya ina guga na ji ya cije a wata kalma, tana ce masa, "Yaya, duba da kyau, wannan mai lanƙwasa ce." Ya sa yatsa a ƙarƙashinta ya sake ɗaukowa daga farkon layi. Suna shafi na goma sha ɗaya.