Shekara biyu aka rubuta, huɗu na yi

A takarda, masta shekara biyu ce. Haka tsarin LMD da jami'o'in ƙasarmu Nijar ke bi ya shimfiɗa: lisans shekara 3, masta 2, doktora 3. Tawa mastar ta ci shekara huɗu da 'yan watanni, kuma cikin waɗanda muka fara tare ba ni ce ta baya ba. Akwai wata da har yanzu muke gamuwa a Kasuwar Dole, in na tambaye ta aiki sai ta ce, "Yana nan, saura kaɗan." Ni ma na daɗe ina ba mutane wannan amsa.

Darussan aji ba su riƙe ni ba. Muddin akwai aji, akwai lokacin shiga, akwai jarabawa, akwai abokai masu kiranki in ba su gan ki ba. Ko yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, da kan sa shekara ta hau kan shekara, tare muke shan sa, tare muke fita. Inda tafiya ke tsayawa shi ne ranar da aka ce an gama darasi, kowa ya je ya rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu. Daga nan ke kaɗai ce, kamar an sauke ki a tasha da dare.

Bincikena a kan 'yan ga-ruwa ne. Duk ɗan Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a garin nan, musamman in bazara ta kama. Na yi niyyar zagaya unguwannin Birni, Zango da Garin Malam cikin wata ɗaya, sai ya zama wata biyar. Ina koyarwa a kwaleji a matsayin 'yar kwantaragi, safiyata ba tawa ba ce, su kuwa masu turin kura da asuba suke layin famfo. Kuɗin kabu-kabu da na buga takardun tambayoyi duk daga aljihuna suke fita. In wata ya yi nisa, tsakanin jika biyar ta bincike da jika biyar ta cefane ba a dogon tunani. A cikin haka na haihu. Na yi arba'in, na ƙara wata uku a kai, da na buɗe kwamfuta sai na karanta babina na biyu kamar wata ce ta rubuta shi.

Sai wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take turo mana, yankinmu kuwa da layin can ya dogara. Batirin kwamfutata ba ya kai awa ɗaya. Na koma rubutu da biro a littafin 'yan makaranta, da fitilar waya, jariri a baya. In wuta ta zo ƙarfe biyu na dare, maigida ya tashe ni in kwafe.

Mutane sun fi son ɗora laifi kan malamin da ke jagorantar aiki, a ce ya riƙe takardu. Ni ban yarda da wannan kai tsaye ba, domin na ga teburin nawa malamin. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa. Jami'a mai waɗannan shekaru yarinya ce. Kafin malami ya kai matsayin da zai jagoranci doktora sai ya hau matakan CAMES, hukumar da ke Wagadugu mai tantance malaman jami'a, mataki bayan mataki, kuma wannan aikin shekaru ne. Ɗalibai kuwa kowace shekara ƙaruwa suke. Shi ya sa mutum ɗaya ke koyar da 'yan lisans, ya duba memuwar, ya zauna cikin juri mai auna aikin ɗalibai, ya kuma kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, don wani taron.

Wata rana na je wurinsa bayan na ɓace wata bakwai. Na shirya uzuri iri-iri. Bai bari na fara ba. Ya jawo aikina daga ƙarƙashin tulin takardu, ƙura ta hau bangon, ya busa ta, ya ce, "'Yata, ba cikakken aiki nake jira ba. Shafi biyar za ki kawo mini ran 15 ga wata, ko da kurakurai." Na ce, "Malam, ina jin kunyar kawo abin da bai nuna ba." Ya ce, "In ya nuna, me ya rage mini in yi?" A tsaye ya rubuta ranar a bayan takardar.

Wannan ranar da aka yanka mini ita ta tayar da aikin. Abu na biyu, mu huɗu da muka maƙale muka fara haɗuwa kowace Asabar a gidan ɗayarmu mai sola. Tabarma, tulun ruwa, soket guda mai baki huɗu. Ba a hira sai an yi awa biyu, sannan kowa ta karanta abin da ta rubuta a bayyane. A nan na gane ba ni kaɗai Faransancin bincike ke ba wuya ba. Da Hausa na yi hira da 'yan ga-ruwa, da Hausa na fahimci abin da suke nufi, amma mayar da shi harshen memuwar wani fanni ne da ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana.

Tallafin da ake yi wa ɗalibai, abinci mai rahusa, ɗakin kwana, motar ɗauka, burs wato kuɗin tallafin karatu, yana da amfani ƙwarai, na ci moriyarsa a lisans. Amma an yanka shi ne daidai jikin matashi mai zuwa aji kullum. Mai rubuta memuwar sau da yawa magidanci ne, ko uwa, ko ma'aikaci a Mirriya ko Matamaye. Abin da nake roƙa wa irinmu bai kai gina bene ba: ɗaki ɗaya mai sola da intanet da zai kai dare a buɗe, ranar ganawa da malami da aka rubuta aka manna, ɗan kuɗin fita bincike, da wani a sashe mai riƙe da sunaye wanda zai buga waya in ɗalibi ya yi wata uku shiru. Wurin ajiye yara na awa uku ma da ya tsirar da mata da dama da na sani.

Ran sutanans, wato ranar da na kare aikina gaban juri, Inna ta zauna a layin gaba, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma da ta ji na ambaci Garin Malam sai ta gyaɗa kai.

Ƙawata ta Kasuwar Dole na ce mata ta zo Asabar ɗin nan. Ta ce takardunta na cikin akwati tun bara, ba ta ma san inda ta tsaya ba. Na ce ta kawo su yadda suke, akwai baki ɗaya a soket ɗin da ba kowa a kai.